Mota ta fara ciwo, garanti bai ƙare ba: wa zai biya kuɗin gyaran inji?

Ciwon injin mota ta hannu ba kasafai yake bayyana ranar ciniki ba. Ranar ciniki komai sumul ne. An wanke inji fes, an shafe tayoyi suna ƙyalli, yaron dillali ya tayar da motar ta ɗumama tun kafin mai saye ya iso. Sai an kwana goma ko mako biyu, an gama zagaya 'yan uwa ana sa albarka ana cewa Allah Ya tsare, sannan wata safiya a murɗa makulli a ji sitiyari yana karkarwa a hannu, ko wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa.

Abin da kusan kowa yake yi a wannan safiya shi ne ya nufi garejin bakanikensa na amana. A nan ne mutane da yawa suke zubar da haƙƙinsu da hannunsu. Bakanike zai ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce: "Alhaji, fulogi ne, mu canza." A canza. Kwana uku karkarwa ta dawo, a ce kwayil. Daga kwayil a koma wankin nozul, daga nan a sauke tanki a duba famfon mai. Ranar da mai mota zai gaji ya koma wurin wanda ya sayar masa, kwanakin garanti sun kusa ƙarewa, kuma dillali ya samu amsar da ba ta da makari: "Ranka ya daɗe, ai an riga an taɓa injin. Ni ba haka na ba ka ita ba."

A cikin kwanakin garanti, gano ciwo ya fi gyara muhimmanci, domin sunan da aka kira ciwon da shi, shi zai nuna aljihun da kuɗin gyara za su fito. Idan aka ce fulogi, mai mota ne zai biya, don fulogi kayan cinyewa ne. Idan aka ce ringin fistin ya gaji ko gaskit ɗin kan silinda ya ƙone tun kafin ciniki, magana ta koma kan mai sayarwa. Saboda haka bai kamata a bar sanya wannan suna a hannun kunne da hasashe ba.

Garantin baki da na takarda

Mafi yawan motocin da ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo, waɗanda ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, ko ta Kwatano da Lome zuwa Nijar, sun daɗe da fita daga garantin kamfanin da ya ƙera su. A Amurka, Toyota tana tsaya wa inji da giya na shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Motar da ta shekara goma sha a can ba ta da sauran komai a wannan alkawari. Da yawa daga cikinsu ma a gwanjon motocin inshora aka saye su, irin na Copart da IAA, inda ake sayar da mota yadda take, babu mai ɗaukar alhakin abin da ke cikinta.

Abin da ya rage wa mai saye a Kano ko Kaduna ko Maraɗi shi ne alkawarin dillali. Wani ya ce mako guda, wani wata guda, wani wata uku, kuma galibi a kan inji da giya kaɗai. Sau da yawa da baki ake yinsa, ana musafaha. Amana abu ce mai kyau, amma kalmar "inji" tana da faɗi. Shin famfon ruwa inji ne? Kwamfutar da ke sarrafa injin fa, wadda makanikai ke ce wa biren bos? Lagireto? Wanda bai tsaya an rubuta waɗannan a bayan rasit ba, tare da ranar ciniki da lambar da mitar tafiya ke nunawa, zai tarar cewa ranar rigima inji ya ƙanƙance ya koma ƙarfen tsakiya kawai.

Fitilu uku, hukunci uku

Fitilun da ke gaban direba ba ɗaya suke ba. Jar fitila mai siffar butar mai tana cewa ƙarfin bugun baƙin mai ya faɗi. Wannan ba ta jiran a isa gida: a gangara gefen titi a kashe mota, ko da saura layi ɗaya. 'Yan mintoci na tafiya a haka sun isa inji ya buga, kuma wanda ya ci gaba da tuƙi da jar fitila ya ba dillali hujjar cewa shi ya kashe injin. Haka hukuncin yake idan allurar zafi ta haura zuwa ja.

Fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana da fuska biyu. Idan ta kama ta tsaya cak, kwamfutar motar ta ga abin da bai yi mata ba, amma galibi ana iya lallaɓawa zuwa wurin bincike. Idan tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa, yana gasa matatar hayaƙin da ke ciki. Wannan ma a tsaya.

Akwai gwaji na daƙiƙa biyar da ya kamata a yi tun ranar ciniki, kuma bai ɓaci ba idan an yi shi yau. A murɗa makulli zuwa matakin da fitilu ke kamawa, ba tare da an tayar ba. Dole fitilar inji ta haska tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta haska ko kaɗan ba, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta daga ciki, ko kuma ƙwan ne ya ƙone. 

Abin da na'ura take faɗa, da abin da ba ta faɗa

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, ga na dizal daga 2004. A nan ake jona na'urar binciken da masu gareji ke cewa "a sa mata kwamfuta". Yanzu akwai ƙanana da ake haɗawa da wayar hannu, kuma mai sabuwar mota ta hannu ba zai yi asara ba idan ya mallaki ɗaya.

Na'urar tana fito da lambobi. P0300 na nufin inji yana misin ba a silinda guda ba. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke misin, ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 na nufin matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata, kuma a ƙasar nan sau da yawa dalilin shi ne babu ita ma sam: an fasa tukunyar an kwashe saƙar zumar da ke ciki, wadda makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinta irin su falatinam.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a sayo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo. Lamba alama ce ta inda za a fara nema. P0171 na iya zama tiyon iska da ya tsage, ko na'urar auna iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko famfon mai da ya raunana. P0302 na iya zama fulogi na 'yan dubbai, kuma yana iya zama bawul da ya ƙone wanda sai an sauke kan silinda.

Bakanike mai lura yana rarrabe su ba tare da ya sayi komai ba. Zai zare kwayil ɗin silinda ta biyu ya musanya shi da na ta uku, ya tayar, ya ɗan zagaya, ya sake karantawa. Idan lambar ta koma P0303, ciwon ya bi kwayil, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya a P0302, sai a musanya fulogi, sannan nozul. Idan duk an musanya ciwon bai motsa daga silinda ta biyu ba, to a cikin silindar yake, kuma lokacin awon matsi ya yi. Ana cire fulogi, a ɗaura agogon awo a raminsa, a murza inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Lafiyayyen inji silindunsa suna kusa da juna. Idan ɗaya ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai magana. A ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin a sake aunawa: idan matsin ya ƙaru, ringi ne, idan bai motsa ba, a tuhumi bawul ko gaskit. Duk wannan aikin bai kai rabin yini ba. Sai dai a motar da ke cikin garanti, a yi shi a gaban mai sayarwa ko wakilinsa, ko kuma bayan ya amince a rubuce.

Abu ɗaya ne bai kamata a yarda da shi ba ko da kyauta: goge lambar. Masu na'ura da yawa suna ganin aikinsu bai cika ba sai sun danna maɓallin gogewa fitila ta mutu, mai mota ya yi murmushi ya biya. Amma lokacin da kwamfutar mota ta ajiye lamba, tana ajiye hoton halin da inji yake ciki a wannan daƙiƙa: zafinsa, gudunsa, nauyin da ke kansa. Gogewa tana share wannan duka. A ɗauki hoton fuskar na'urar da waya, a ɗauki na mitar tafiya, a bar fitilar tana ci har mai sayarwa ya gan ta da idonsa.

Gogewa kuma tana barin sawu, kuma wannan sawun na iya taimakon mai saye. Kwamfutar mota tana da jerin gwaje-gwaje da take yi wa kanta a kan hanya, na matatar hayaƙi, na na'urorin auna iskar salansa da sauransu. Duk lokacin da aka goge lambobi ko aka cire kan batir, gwaje-gwajen suna komawa farko, na'ura ta nuna ba su kammala ba, sai an yi tafiya iri-iri kafin su cika. Motoci da yawa ma suna nuna nisan da aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan nisan ya yi daidai da abin da mai saye ya tuƙa tun ranar ciniki, tambayar da za a yi wa dillali a bayyane take. Mai yiwuwa ya ce batir ya mutu a jirgin ruwa an canza, kuma hakan yana faruwa. Amma a tambaya.

Hayaƙi, mai da ruwa

Manyan cututtukan inji, waɗanda kuɗinsu ke karya mutum, wani lokacin ba sa kunna fitila ko ɗaya. Ido da hanci ne ke kama su, kuma da sassafe, kafin a tayar da motar.

A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a juya shi. Idan akwai wani kauri mai launin shayi da madara a jikinsa, sannan sandar awon mai ma ta fito da irin wannan launi, ruwa ya shiga mai. A duba ruwan lagireto tun inji yana sanyi, kada a kuskura a buɗe da zafi. Idan kullum yana raguwa babu ɗigo a ƙasa, kuma ana ganin kumfa tana tasowa a jere idan an tayar, gaskit ne abin tuhuma na farko. Akwai wani ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke rikiɗa ya koma ɗorawa idan hayaƙin ƙuna yana shiga ruwa. Wannan shaida ce da ake iya ɗauka a bidiyo.

Sannan a sa wani ya tayar, mai mota ya tsaya a baya. Ɗan farin tururi na minti ɗaya ko biyu a sanyin hunturu ba komai ba ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwa ne ke ƙonewa. Baƙi, fetur ya yi yawa. Mai shuɗi-shuɗi mai ƙauri, baƙin mai ne.

Shan baƙin mai shi ne ciwon da ya fi dacewa da gajeren garanti, wato ya fi dacewa da mai sayarwa, domin yana iya ɓoyewa har wata guda ya wuce. Sanannen misali shi ne injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake yi wa laƙabi da Muscle a Najeriya, da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Kamfanin da kansa ya amince wasu daga cikin waɗannan injuna suna shan mai fiye da kima saboda fistin da ringinsa, ya fito da shirin gyara kyauta a Amurka ga motocin da ba su wuce shekara 10 ko mil 150,000 ba. Wa'adin ya wuce tuni, amma hanyar gwajin da ya yi amfani da ita tana nan da amfaninta: a cika mai daidai, a liƙe murfi da hatimi, a yi tafiyar mil 1,200, wato kusan kilomita 1,900, a dawo a auna. Injin da ya sha abin da ya haura kusan lita guda ya faɗi.

Mai mota zai iya yin irin wannan da dillalinsa. Su tsaya tare a fili mai daidaito, a zaro sandar awo, a ɗauki hotonta da na mita, a sake bayan kowace tafiya mai nisa. A motoci da yawa, tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin sandar kusan lita ɗaya ce. A kuma lura da irin man da aka tarar a ciki. Murfin waɗannan injuna yakan nuna 5W-20 ko 0W-20, mai ruwa-ruwa. Idan aka tarar da mai kauri kamar 20W-50, mai yiwuwa al'adar makanikanmu ce kawai da ke cewa ƙasarmu da zafi, mai yiwuwa kuma an zuba shi ne don ya danne ƙara da hayaƙi. Juye na farko da man da kamfani ya rubuta yakan tona asirin, shi ya sa bai kamata a jinkirta shi har garanti ya ƙare ba, kuma a riƙe rasit ɗinsa.

Ƙara ma tana da nata bayani. Ƙas-ƙas mai sauri daga saman inji galibi na bawul ne, kuma ba kullum yake da hatsari ba. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, shi ne mai tsinka zuciya. A 2015 Hyundai ta janye Sonata kusan 470,000 ta 2011 da 2012 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a injin tun daga masana'anta yana iya toshe hanyar mai zuwa ga metal ɗin sandar fistin. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba, ita ake sakawa a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, a ga ko akwai gyaran janyewa da ba a yi wa motar ba. Da ita kuma ake sayen tarihin mota a Carfax, inda haɗari, ambaliya da mitar da aka mayar baya sukan fito. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston a 2017. Motar da ta sha ruwa takan dinga fito da lambobi barkatai marasa alaƙa da juna. A ɗaga kafet a nemi yashi, a duba tsatsa a ƙafafun kujera da kore-kore a bakin wayoyi.

Idan an zauna da mai sayarwa

Amsoshin dillali sanannu ne. Na farko, "man da ka sha ne ba shi da kyau." Wannan ba ƙarya ba ce a kowane lokaci, a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima daga Antwerp, ya lalata motoci, kamfanin NNPC ya tabbatar da hakan. Amma gurɓataccen mai yana taɓa duka silindu, ba ya zaɓar ta biyu kaɗai, kuma ba ya cinye ringi a mako biyu. Na biyu, "kai ka bari ta yi zafi." A nan hoton allurar zafi, da saƙon da aka tura masa ranar da abin ya fara, su ne za su yi magana. A kuma duba ko akwai tamostat a motar, da ko an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli. Waɗannan dabaru biyu sun yaɗu a garejinmu, kuma a motar da aka ce ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, suna nuna cewa wani ya riga ya yi fama da zafinta. Na uku, maganar da akan faɗa da dariya, cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne mota ta hannu ba sabuwa ba ce, kuma babu mai hankalin da zai koma da ƙorafin fambel ko tsufan kujera. Amma an yi ciniki ne a kan inji mai lafiya, an kuma biya kuɗinsa.

Shi ya sa sanarwar farko ta zama a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, da girmamawa: "Salamu alaikum Alhaji, motar da na karɓa ranar kaza ta kunna fitilar inji yau, mita tana kaza. Ban bari kowa ya taɓa ta ba. Yaushe zan kawo?" Ranar wannan saƙo ita ce ranar da ciwo ya bayyana, ko da an ja shi da gobe-jibi har wata ya cika.

Idan sulhu ya gagara, akwai matakai. Shugabannin ƙungiyar dillalan motoci na wurin sukan sasanta irin wannan, don sunan kasuwarsu na gabansu. Fikihun Malikiyya da al'ummarmu ta tashi a kansa ya san zaɓin aibi: wanda ya tarar da tsohon aibi mai rage daraja, wanda ba a nuna masa ba lokacin ciniki, yana da damar mayar da kaya, abin da aka bayyana masa ya yarda kuwa ya zama nasa. A ɓangaren hukuma, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku daga ranar karɓar kaya ya mayar da su ga mai sana'ar da ya sayar masa idan ba su kai ingancin da ya dace ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar da kuɗi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Duk inda aka je, tambayar farko ɗaya ce: ina shaida cewa ciwon ya riga ciniki?

Idan aka daidaita a kan mai sayarwa zai gyara, a nemi a rubuta abin da za a yi, a kuma ga tsofaffin kayan da aka cire. Idan inji za a sauya gaba ɗaya, a je tare wurin saye, a auna matsinsa da zarar an ɗora, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin don a gyara takardun mota, sannan a nemi kwanakin garanti su fara ƙirguwa daga ranar da motar ta fito daga gareji, ba daga ranar cinikin farko ba.